Sharhi: Wa ke zuba ƙusa a hanyar masu keke?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Ranar wata Alhamis na tsaya a rumfar wani mai faci a hanyar Maigatari. Ya miƙo min gwangwanin madara cike da ƙusoshin da ya zare daga tayoyin mutane, sababbi fil, ko tsatsa babu. A gefe ga wani dattijo a tsugune, ya turo kekensa da buhun barkono tun daga nesa, kasuwa kuwa ta riga ta ci rabi. Abin ya taɓa min zuciya. Wannan keken shi ne jarinsa, shi ne kuma motarsa ta zuwa asibiti.

Ba a nan kaɗai ake wannan mugunta ba. A 2012, ana tsaka da gasar tseren keke ta Tour de France a Faransa, aka watsa ƙananan ƙusoshi a kan wani hawan dutse, tayoyin 'yan tsere kusan 30 suka yi faci.

To, a wurinmu da zarar an yi faci sai a nuna mai faci da yatsa, a ce shi ya zuba don ya samu ciniki. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Balle ma burtalinmu cike yake da tsidau da ƙayar aduwa, waɗanda ba wanda ya ajiye su.

Akwai hanyar bincike da ta fi zargi, kuma tana cikin aljihun samarinmu. Manhajoji irin su Strava suna amfani da tauraron ɗan'adam su rubuta inda mai keke ya bi, da lokaci, da saurinsa, ko da babu sabis a wurin. Taya na sacewa, gudu zai tsaya cak, taswira ta nuna wurin. Mutum ɗaya ya tsaya, wannan tsautsayi ne. Amma a haɗa taswirar mutum goma, a ga duk a bakin kwalbati ɗaya suka tsaya, kuma kullum ranar kasuwa, to magana ta fito. Sai a duba: wane ne ya wuce lafiya na ƙarshe, wane ne ya fara yin faci? In wani ya wuce bayan sallar Isha'i ba abin da ya same shi, na asuba kuma ya taka ƙusa, an san a wane tsakani aka zuba.

Na san yawancin manoma ƙaramar waya gare su. Samari biyar masu babbar waya sun isa, sauran kuma su faɗa wa mai faci inda abin ya same su, ya rubuta a littafi.

Sai dai a kula. A 2018 taswirar Strava ta tona asirin sansanonin sojojin Amurka a Afganistan da Siriya, don haka kada a baza wa duniya hanyar ƙofar gidan kowa. Sannan taswira wuri da lokaci take nunawa, ba ta nuna hannun da ya zuba. A kai bayanan wurin mai unguwa da dagaci, su miƙa wa 'yan sanda, 'yan sintiri kuma su san kwalbatin da za su tsare daga Isha'i zuwa asuba.