Darasin yau: kifin bakan gizo na tafkunan Ayamaru

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa. Ku matso kusa da gilashin nan, bari in rage hasken ɗaki.

Kun ga wannan da ya wuce yanzu? Daga kai zuwa tsakiyar jiki shuɗi ne mai sirkin toka, wani lokaci har ya koma kamar shunayya. Daga tsakiya zuwa wutsiya kuwa ruwan lemo ne, sai ka ce an tsoma rabinsa a tukunyar rini an ciro. A mahaɗar launukan biyu akwai 'yan layuka masu duhu a tsaye, biyu ko uku. Namiji ke nan. Sunansa a wurin masana Melanotaenia boesemani, sunan da Gerald Allen da Norbert Cross suka raɗa masa a 1980 don girmama Marinus Boeseman, masanin kifi ɗan ƙasar Holan.

Ku dubi gadon bayansa da kyau. Fiffike biyu ne, ƙarami a gaba, dogo a baya, da 'yar tazara a tsakani. Da wannan ake gane danginsu, waɗanda asalinsu Ostireliya ne da tsibirin Niyu Gini. Jikin fale-fale ne ta gefe, kuma in namiji ya manyanta sai bayansa ya yi tudu, kan ya zama ɗan tsito. Tsawonsa bai cika wuce santimita 11 ba. Macen ta fi ƙanƙanta, launinta a dishe.

To, ga inda mutane ke yin kuskure. Ƙananansu ba su da kyan gani ko kaɗan, fari-fari ne kamar azurfar da ta dusashe. Mutum ya saya, ya kai gida, ya ce an cuce shi. Ba cuta ba ce, haƙuri ne ya yi ƙaranci. Launin nan sai kifi ya kusa shekara yake fitowa sosai. Kuma in kuna son ganinsa a kan ganiyarsa, ku leƙa da sassafe, lokacin da mazan ke zagaya matan suna baza fiffike. Ni dai a nan nake shagala har in manta da abin da ya tashe ni.

Gidansa na asali ɗan wuri ne ƙwarai: tafkunan Ayamaru da kewayensu, a yankin da ake kira Kan Tsuntsu, can yammacin Papua ta ƙasar Indonesiya. Ƙasar wurin duwatsun farar ƙasa ce, shi ya sa ruwan yake garai-garai, cike da ma'adinai, ba mai tsami ba. Kifin ya fi son bakin tafki inda ba zurfi, cikin ciyayin ruwa masu kauri. Nan suke yawo garke-garke, suna cin ƙananan ƙwari da gansakuka, nan kuma mace ke zuba ƙwai, kowanne da siririn zare da yake maƙalewa a jikin ganye. Cikin kamar mako guda ake ƙyanƙyashewa.

Kyan nan ne ya ja masa. A shekarun 1980 an yi ta kwasar mazan dubbai ana fita da su ƙasashen waje, har ƙungiyar IUCN, mai kula da kare halittu ta duniya, ta sa shi cikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Waɗannan da kuke gani a tankina haihuwar gidan kiwo ne, ba su taɓa ganin Ayamaru ba. Bari in kunna fitila, ku ga yadda shuɗin yake sauyawa idan ya juya.