A Ɗauke Na'urar, A Ga Abin Da Ya Zauna A Kan Yaro

Jama'a masu sauraro, tun daga watan Janairun 2025, lokacin da Bankin Duniya ya fitar da labarin wani gwaji da aka yi a jihar Edo, wata magana guda ta kama bakin mutane, ana ta nanata ta a wuraren taro da kafofin sada zumunta, cewa wai ɗalibai sun yi karatun shekara biyu cikin mako shida da taimakon ƙirƙirarriyar basira. Daga nan sai wasu suka yi tsalle suka dire a kan cewa zamanin malami ya wuce, abin da ya rage kawai shi ne gwamnatoci su buɗe baitulmali su sayo kwamfutoci da mutum-mutumi a cika azuzuwa da su. Wannan magana tana ɓata mini rai matuƙa, domin waɗanda suka sha wahalar binciken ba haka suka ce ba, kuma kuɗin da ake so a kashe da sunan binciken nasu kuɗin ƴaƴan talakawa ne da har yanzu ke karatu a zaune a ƙasa.

Ga abin da ya faru. A watannin Yuni da Yuli na 2024, a wasu makarantun gwamnati da ke birnin Benin, an zaɓi ɗaliban ajin farko na babbar sakandare ta hanyar ƙuri'a daga cikin waɗanda suka nuna sha'awa, aka riƙa tsayar da su bayan an tashi daga makaranta sau biyu a mako, su zauna bibbiyu a gaban kwamfuta suna koyon Turanci da Copilot, manhajar ƙirƙirarriyar basira ta kamfanin Microsoft. Malamai ne suka buɗe kowane zama, su ne suka tsara irin tambayoyin da za a fara yi wa manhajar bisa tsarin karatu na makaranta, su ne kuma suka riƙa zagayawa suna hana yara shagala, suna nuna musu inda na'urar ta zubo ƙarya da cikakkiyar ƙarfin hali. Da damina ta kankama, ɗaukewar wutar lantarki da yankewar intanet sun sha kawo cikas. Da aka gama, sai aka ba yaran jarrabawa ta takarda da alƙalami, babu kwamfuta a gabansu, kuma suka fi takwarorinsu da ƙuri'a ba ta faɗa kansu ba. Aiki ne mai kyau, kuma waɗanda suka yi shi sun cancanci yabo.

Amma fa a lura da abu biyu. Yaran da ƙuri'a ba ta faɗa kansu ba, waɗanda aka kwatanta su da su, ba su samu wani darasi na bayan tashi ba ko kaɗan, saboda haka abin da aka auna shi ne ƙarin sa'o'in karatu, haɗe da kulawar malami, haɗe da manhaja, duk a dunƙule, a gefe guda kuwa yaron da ya tafi gida. Sannan ita kanta maganar shekara biyun lissafi ne na kwatance, an ɗauki ci gaban da aka samu an gwada shi da ɗan abin da yaro ya saba samu a shekara guda a irin waɗannan makarantu. Idan mako shida ya kamo shekara biyu, to abin da ya kamata ya hana hukumomin ilimi barci shi ne ƙanƙantar abin da ake koyo a waɗannan shekaru biyun.

Tambayar da ya wajaba a yi wa duk wanda ya zo da wata fasaha ƙofar makaranta guda ɗaya ce: idan an ɗauke na'urar, me ya zauna a kan yaro? A makarantar allo ba a barin almajiri ya wanke allonsa a yi masa ƙari sai ya kifa allon ya biya karatun da ka a gaban malam, kuma da wannan awo ya kamata a auna kowace manhaja. Masu bincike daga Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun yi daidai wannan gwaji a wata makarantar sakandare a Turkiyya, da ɗalibai kusan 1,000 a darasin lissafi. Sun kasa su uku. Kashi na farko littafi ne kawai a hannunsu. Na biyu an sakar musu manhajar ƙirƙirarriyar basira ta GPT-4 yadda take, su tambaye ta abin da suka ga dama. Na uku an ba su wadda aka yi wa linzami, tana nuna hanya mataki-mataki amma ba ta sakin amsa. A lokacin aikin gwaji, masu sakakkiyar manhaja sun fi masu littafi da kashi 48 cikin ɗari, masu mai linzami kuwa sun fi su da kashi 127 cikin ɗari. Da a nan aka tsaya, da an buga ganga an ce an gano maganin jahilci. Sai aka rufe kwamfutocin aka zaunar da kowa jarrabawa shi da kansa. Masu sakakkiyar manhajar nan suka faɗo ƙasa da masu littafi da kashi 17 cikin ɗari, masu mai linzami kuma suka tashi kusan kunnen doki da waɗanda ba su taɓa na'urar ba. Da aka duba hirarrakin da yaran suka yi da manhajar, sai aka tarar da yawansu amsa kawai suke nema su kwafa. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yaran ba su ma san karatunsu ya ragu ba.

Ba yau aka fara wannan zumuɗi ba. A watan Nuwamban 2005, a birnin Tunis, Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ta Amurka ya tsaya tare da Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na wancan lokaci, suka nuna wa duniya wata ƴar koriyar kwamfuta da aka ce za a sayar da ita dala 100, kowane yaro a ƙasashe matalauta ya mallaki tasa ya koyar da kansa. Farashin bai taɓa sauka zuwa dala 100 ba. Nijeriya na cikin ƙasashen farko da aka gwada ta, a makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja a 2007, kuma babban cinikin da aka yi ta ambato bai tabbata ba. Ƙasar Peru kuwa ta shiga da ƙafar dama, ta raba fiye da 800,000. Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bi sawu a makarantun karkara 319, ya fitar da sakamako a 2012: bayan wata 15, yara sun iya sarrafa kwamfuta, an ga ɗan ci gaba a gwajin kaifin tunani, amma a lissafi da karatu babu wani bambanci. An raba kaya, an ɗauki hoto, an yi jawabi, amma da aka ɗauke na'urar aka tambayi yaro, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Kada wani ya ce wannan matsalar matalauta ce. Hukumar makarantun birnin Los Angeles ta ƙaddamar da shirin fiye da dala biliyan ɗaya a 2013 don bai wa kowane ɗalibi kwamfutar hannu ta iPad, shirin ya wargaje, shugaban hukumar ya yi murabus a 2014. Koriya ta Kudu, wadda ba ta da matsalar wuta ko intanet, ta shigo da littattafan karatu masu aiki da ƙirƙirarriyar basira a watan Maris na 2025, iyaye da malamai suka yi ca, kafin shekarar ta ƙare majalisar dokoki ta cire musu matsayin littafin karatu na hukuma. A Koriyar dai, a ƙarshen 2010, an kai mutum-mutumi 29 makarantun firamare na birnin Daegu don koyar da Turanci, hotunansu suka zagaya duniya. Ko kun san wa ke magana ta cikinsu? Malamai ne ƴan Adam, zaune a ƙasar Filifins, suna kallon yaran ta kyamara suna sarrafa injin daga nesa.

Na san abin da za a ce. Za a ce malamai ba su isa ba, aji ɗaya yara fiye da ɗari, saboda haka gwamma na'ura da babu. Wannan hujja ba ta tsayawa. Ajin da ya rasa malami shi ne kuma ya rasa wuta, ya rasa ƙofa mai kulle, ya rasa mai gyara idan batiri ya mutu, ya kuma rasa babban da zai hana yaro kwafar amsa. Duk gwajin da ya yi nasara cikin waɗanda na ambata akwai malami a tsaye a ciki. Haka nan ba ni tare da masu cewa a rufe ƙofa gaba ɗaya, wai duk abin da ya fito daga kwamfuta ɓata tarbiyya ne. Su ma ba su auna komai ba, tsoro kawai suke sayarwa kamar yadda waɗancan ke sayar da buri.

Domin akwai inda fasahar ta yi aiki, kuma ya kamata a tsaya a ga dalili. A birnin Delhi na Indiya, masana uku, Karthik Muralidharan da Abhijeet Singh da Alejandro Ganimian, sun gwada wata manhaja mai suna Mindspark a kan ɗalibai 619 ƴan unguwannin marasa galihu, aka raba gurabe ta hanyar ƙuri'a. Abin da manhajar ta fara bankaɗowa abin tausayi ne: ɗan aji shida yana baya da kimanin shekara biyu da rabi a lissafi, ɗan aji tara yana baya da fiye da shekara huɗu, kuma a cikin aji guda ana samun yaran da tazarar da ke tsakaninsu ta kai aji biyar ko shida. Babu malamin da zai iya koyar da irin wannan aji da darasi ɗaya a kan allo. Manhajar sai ta riƙa bin kowane yaro daga inda ya tsaya, tana karanta irin kuskurensa. Idan an tambaye shi wanne ya fi girma tsakanin 3.27 da 3.3 ya zaɓi na farko, ta gane cewa yana ganin 27 ta fi 3 ne, bai fahimci matsayin lambar da ke bayan ɗigo ba, sai ta jero masa tambayoyin da za su warware wannan ƙullin shi kaɗai. Minti 45 a kan kwamfuta, minti 45 da malami a ƙaramin rukuni, kwana shida a mako. Bayan wata huɗu da rabi aka ba su jarrabawar takarda wadda ba masu manhajar suka tsara ba, aka tarar ci gabansu ya ninka na sauran kimanin sau biyu, kuma raunanan ɗalibai, waɗanda a makaranta kusan ba sa motsawa, su ma sun motsa. Wannan shi ne bincike mai amfani: an fara da ciwon da ke cikin aji, an ƙera abin da zai taɓa shi, an gwada da ƙuri'a, an ɗauke na'urar, an tambayi yaro.

Akwai kuma batun harshe, wanda masu zumuɗin nan ke tsallakewa kamar ba su gan shi ba. Gwajin Edo darasin Turanci ne, ga matasan da suka riga suka iya karatu da rubutu, kuma Turanci shi ne harshen da waɗannan manhajoji suka fi ƙwarewa a kai saboda da shi aka fi ciyar da su. Alƙaluman Bankin Duniya da UNESCO da UNICEF na 2022 sun nuna cewa kusan yara tara cikin goma masu shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. Yarinyar da ke aji uku a ƙauyen Jigawa ko Maraɗi, wadda ba ta iya haɗa baƙi da wasali ba, me za ta rubuta wa manhaja? Tana bukatar na'urar da za ta saurari karatunta da Hausa, ta bambance ƙ da k, ta gane inda ta yi tuntuɓe, ba tare da intanet ba, a kan waya mai araha. Masu bincike na ƙungiyar Masakhane da ta HausaNLP, ciki har da malaman Jami'ar Bayero, sun daɗe suna tattara bayanan harshe da irin wannan aiki ke bukata, aiki ne na haƙuri wanda ba ya jan kyamara, kuma shi ya fi cancantar kuɗi a kan mutum-mutumin da zai ɗaga hannu ya gaida baƙi a ranar buki.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da sassan kimiyyar kwamfuta na jami'o'inmu shi ne yawan ayyukan da ke mutuwa ranar da ɗalibi ya kare su a gaban malamai. An ƙera manhajar koyarwa, an nuna tana buɗewa tana rufewa, an raba takardar tambayoyi ga ƴan ajinsu sun ce ta burge su, an ba da maki, an ɗaure kundi an ajiye. Ba a kai ta ko makarantar firamare ɗaya ba. Cewa abu ya burge mutum ba shaida ba ce ta koyo, yaran Turkiyya ma ya burge su. Laifin ba na ɗalibai ba ne, domin gwaji a makaranta yana cin kuɗi da lokaci, yana kuma bukatar masanin kwamfuta ya zauna da masanin ilimi da malamin aji, abin da tsarinmu bai saba sakawa a kai ba.

Saboda haka ina kira ga asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, da Cibiyar Ƙirƙirarriyar Basira da Mutum-mutumi ta Ƙasa da aka buɗe a Abuja a 2020, da hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi, da su sanya sharaɗi a rubuce. Duk binciken fasahar koyarwa da zai ci kuɗin jama'a ya ware kason gwaji a makarantun gwamnati na gaske, har da na karkara. Duk kamfanin da ke son kwangila ya amince a fara da makarantu kaɗan da aka zaɓa ta ƙuri'a, a ba ɗaya rukunin ƙarin darasi na sa'o'i iri ɗaya ba tare da na'ura ba, wata hukuma dabam ta shirya jarrabawar takarda a ƙarshen zango, a lissafa kuɗin wuta da gyara da horar da malamai a kan kowane yaro, sannan a wallafa sakamakon ko ya yi daɗi ko bai yi ba, kafin a sa hannu a kan sayen ko da kwamfuta ɗaya ta ƙari.