Fodkas: Ya ake ƙera wayar da ake zurawa cikin zuciya?

Auta: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Yaya Injiniya kamar kullum, ga kuma Anti Dakta ta samu sarari ta leƙo mu. Maganar yau akan na'urorin nan ne da ake dasa wa mutum a jiki suna ba shi ɗan lantarki, irin fesmeka na masu matsalar bugun zuciya, amma Yaya yace ba akwatin na'urar zamu tattauna ba, wayar da take kai lantarkin.

Injiniya: Wayar dai Auta. Kowa in yaji fesmeka hankalinsa kan batir yake tafiya, shekara nawa zaiyi, yaushe za'a canza. Amma akwatin nan a ƙarƙashin fata yake kusa da kafaɗa, ranar da batir ya ƙare ɗan yanka za'ayi a ciro a saka sabo. Ita kuwa wayar ta cikin jijiyar jini aka zura ta har cikin zuciya, kuma so ake ta zauna nan iya rayuwar mutum.

Dakta: Kuma ba zaman lafiya take ba fa. Zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a rana, a shekara sama da miliyan 35 kenan, duk bugu ɗaya sai wayar ta lanƙwasa ta miƙe, gata cikin jini mai ɗumi mai gishiri, ga garkuwar jiki tana kallonta a matsayin baƙuwa.

Auta: Kai subhanallah. Anti ni wayar cajata wata biyu ma bata yi take karyewa ta wuya.

Injiniya: Toh shine ainihin matsalar, ƙarfe in kana lanƙwasa shi a wuri ɗaya gajiya yake ya tsage. Shi yasa basa saka waya miƙaƙƙiya, nannaɗe ta ake ta zama koyil, zare uku huɗu tare, ta yadda in ta lanƙwasa wahalar zata rarrabu ko'ina maimakon ta taru a gu ɗaya. Ƙarfen ma ba jan ƙarfe bane irin na wayarin gida, shi wannan jiki bazai ɗauka ba. Wani haɗi ne ake ce masa MP35N, nikel da kobalt da kuromiyam da molibdinam, baya tsatsa kuma yana jure lanƙwasa sosai, aibinsa kawai baya wuce da wuta da kyau, shi yasa a wayoyin da zasu ɗauki shokin mai ƙarfi ake cusa azurfa a tsakiyarsa.

Auta: Yaya tun farko haka aka fara?

Injiniya: Ina! Na farko da aka dasa wa mutum a 1958 ne a Suwidin, Rune Elmqvist ya ƙera, likita Åke Senning ya dasa wa Arne Larsson, kuma sai da aka buɗe ƙirji aka ɗinka wayoyin a jikin zuciyar ta waje. Awanni kaɗan na'urar tayi ta tsaya. Amma mutumin nan ya rayu har 2001, an canza masa na'ura sama da 20.

Dakta: Ni abinda yafi burgeni bakin wayar ne, inda take taɓa naman zuciya. Da can in an saka, wurin sai ya kumbura yayi tabo, shi kuma tabo baya amsa lantarki, sai kaga bayan 'yan makonni dole a ƙara ƙarfin wuta kafin zuciya ta amsa, batir yayi ta zuƙewa. A 1983 aka fito da dabarar saka ɗan maganin kumburi, dexamethasone, wanda bai wuce miligiram 1 ba, a cikin bakin wayar yana tsatsafowa a hankali. Wallahi ɗan abin nan ya canza aikin gaba ɗaya.

Injiniya: Bakin kansa filatinam da iridiyam ne. So ake ya zama ƙarami don kar ya sha batir, kuma so ake fuskarsa tayi faɗi don ya riƙa jin bugun zuciyar da kyau, kaga abu biyu masu karo da juna. Sai aka masa shafe mai ƙananan ramuka, a ido ɗan mitsitsi amma in ka lissafa cikin ramukan fuskar ta ninku sosai.

Auta: Toh me yake riƙe ta kar ta zame?

Dakta: Iri biyu ne. Akwai mai 'yan fukafukan roba da suke maƙalewa a saƙar naman zuciya, akwai mai ɗan sukuru da likita yake murzawa ya shiga naman. Hanyar da aka bi ma tana da tasiri, in wayar ta ratsa tsakanin ƙashin nan da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa da haƙarƙari na farko, duk ɗaga hannu matse ta ake har ta lalace, shi yasa da yawa sun fi son shiga ta jijiyar da take can gefe.

Injiniya: Sai rigar wayar, nan ne aka fi shan wuya. Roba iri biyu ake amfani dasu, silikon da foliyuritan. Silikon yana daɗewa a jiki amma yana da laushi, gogayya tana cinye shi. Foliyuritan yafi ƙwari da santsi, ana iya yin sa siriri, amma wani nau'insa mai laushi a shekarun 1980 ya riƙa tsattsagewa a jikin mutane. Babu wanda ya haɗa komai, dole ka zaɓi abinda zaka rasa.

Auta: Ni da a ganina Yaya ai siririya tafi, tunda cikin jijiya zata bi.

Injiniya: Haka likitoci ma suka so, kamfanoni suka shiga tseren sirantawa. Medtronic suka fito da Sprint Fidelis, wayar na'urar nan mai ba zuciya shokin in bugunta ya rikice, aka dasa kusan 268,000 a duniya, a Oktoban 2007 suka janye ta saboda tana karyewa. Bayanta Riata ta St. Jude Medical, a 2011, ita kuma zaren cikin ne yake cin silikon ɗin daga ciki har ya leƙo waje.

Dakta: Bari in faɗa muku me karyewar take nufi ga mara lafiya, don kar aji kamar maganar ƙarfe ce kawai. In waya ta tsage tana aika hayaniya, na'urar sai ta ɗauka zuciya ce ta rikice, ta sakar wa mutum shokin yana zaune idonsa biyu lafiyarsa ƙalau, wani a jere sau da yawa. Akwai waɗanda tsoron abin baya barinsu ko bacci. Kuma ba cewa zakayi a zare a saka wata ba, bayan shekaru nama ya riga ya nannaɗe ta ya manne da jijiya, sai an bi da bututu na musamman, wani mai leza, ana yankan tabon a hankali, in jijiya ta yage rai ne a hannun Allah. Shi yasa ni duk dabarar da za'a kawo tambayata ɗaya ce, shekara nawa aka gwada ta a jikin mutane?

Injiniya: Gaskiya ne Dakta. Inji a ɗakin gwaji zai iya lanƙwasa ta sau miliyoyi cikin 'yan watanni, amma bazai baki abinda jini da garkuwar jiki zasu mata a shekara goma ba.

Auta: Anti naji ance har ƙwaƙwalwa ana sakawa?

Dakta: Ana sakawa, musamman masu cutar Fakinsan da karkarwa. Alim-Louis Benabid ne ya buɗe hanyar a Grenoble ta Faransa a 1987. Can matsalar ba bugu bace, saiti ne. Kaurin wayar milimita 1.27, wurin da ake nema 'yan milimitoci ne, in wuta ta ɗan zarce gefe sai magana ta sarƙe ko fuska ta riƙa ja.

Injiniya: Na da zobe huɗu ne a bakinta, kowanne yana watsa wuta ta ko'ina. Na yanzu sun raba zobba biyu na tsakiya gida uku uku, sai likita ya karkata wutar ɓangaren da yake so daga waje ba tare da an sake tiyata ba.

Auta: Toh me zai hana a rabu da wayar kawai kowa ya huta?

Injiniya: A zuciya an fara, wata 'yar ƙaramar fesmeka mai suna Micra da Amurka ta amince da ita a 2016 gaba ɗayanta cikin zuciyar ake ajiye ta babu waya, amma ba kowane mara lafiya ta dace dashi ba, ga tsada. Ƙwaƙwalwa da laka kuwa har yanzu da waya ake.

Dakta: Kuma don Allah masu sauraro, duk mai ɗan uwa da aka dasa masa, katin nan da ake bayarwa a adana shi, akwai sunan wayar da lambarta a jiki. In za'ayi hoton MRI dole a duba, saboda wayar tana iya ɗaukar zafi ta ƙona naman da bakinta yake taɓawa, ba kowacce aka ƙera ta jure ba, kuma ko akwatin sabo ne in wayar tsohon yayi ce sai an tantance.

Auta: Mun gode Anti, mun gode Yaya, Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.