Amsoshin Tambayoyinku: Baƙin da ke biyo dutsen murjani

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙar yau daga Jidda ta fito, daga wani ɗan'uwanmu mazaunin can. Ya ce wata uku ke nan da ya kafa tankin gilashi na ruwan teku a falonsa, ya zuba kifi biyu da murjani, wato halittar teku mai rai da ke gina ƙashi kamar dutse, ya sayo duwatsun da ake kira rayayyen dutse ya jera a ciki. Yanzu kuma sai ga wasu halittu da bai saya ba: tsutsotsi masu gashi, ƙananan fararen ƙwari a jikin gilashi, da wani abu mai ruwan ƙasa kamar 'yar bishiyar dabino. Da dare kuma yana jin ƙas-ƙas. Yana tambaya: daga ina suka fito, kuma ya kashe su ne?

To Malam, dutsen nan ne ya rage musu hanya. Shi rayayyen dutse ƙashin tsohon murjani ne, duk jikinsa ramuka, kuma ya daɗe a teku ko a tankin mai sayarwa. Ranar da ka ɗauko shi, da mazauna cikinsa ka ɗauko.

Kafin ka taɓa kowa, ka fara sanin su. Idan ka kashe fitilar tanki, ka jira kamar awa biyu, sannan ka zo da tocila mai jan haske. Yawancinsu ba sa ganin ja sosai, sai ka tarar da su suna harkarsu kamar kasuwar dare.

Fararen ƙwarin da ke yawo a gilashi, waɗanda ba su kai ƙwayar gero ba, su ake kira kofifod. Akwai 'yan'uwansu masu lanƙwasasshen baya, sun ɗan fi su girma, amfifod. Gansakuka da ragowar abinci suke ci, kifi kuma ya cinye su. Wasu da kuɗinsu suke sayen su a kwalba, kai ka samu kyauta.

Tsutsa mai gashi kuwa, wadda ta yi kama da shanshani, ita aka fi zalunta saboda muninta. Galibinsu masu shara ne. Idan ka ga ta kan mataccen kifi, gawar ta tarar. In sun yi yawa, abinci kake zubawa fiye da kima, ka rage hannu za su ragu. Amma kada ka kama ta da hannu, don gashin nan yana karyewa a fata, ya yi ta zafi kamar ƙaiƙayin gero. In ya same ka, ka manna salatif a wurin ka ɗaye. Akwai wata mai kauri da fararen tukkaye a gefe da jajayen matsefai a baya, Hermodice, wadda ta fi yawa a tekun Karibiyan da Bahar Rum. Wannan tana cin murjani, ita kam a fitar da ita.

Wanda ya fi damuna a wasiƙarka shi ne 'yar bishiyar dabinon nan. Ka kai tsinke kusa da ita. Idan ta shige rami farat ɗaya, sannan ta sake leƙowa da dogayen hannuwa masu santsi, to Aiptasia ce, wata halittar teku mai harbi, 'yar'uwar murjani. Tana harbin murjanin da ke kusa da ita har ya mutu. Kuskuren da sababbin shiga ke yi shi ne kankare ta da wuƙa, alhali kowane ɗan ɓarɓashi da ya rage sabuwa zai zama. Ka kankare ɗaya yau, bayan 'yan makonni ka wayi gari da tuli. Tun tana ɗaya ko biyu, a kashe famfon tankin ruwa ya tsaya, a ɗura mata ruwan farar ƙasa mai kauri da sirinji a baki. In ta riga ta bazu, akwai wata 'yar katantanwa marar kwanso, Berghia, wadda ba ta cin komai sai ita. Idan kuwa hannuwan kamar gashin tsuntsu suke, kuma daga cikin bututu suke fitowa, to tsutsa ce mai tace ruwa, ka bar ta ta yi maka ado.

Ƙas-ƙas ɗin dare jatan lande ne, amma iri biyu ne ke yin sa. Ɗaya mai babban hannu guda, da shi yake ɗana ƙarar, ba shi da wata ɓarna sosai. Ɗayan, mantis, ɗan dambe ne, yana fasa kwanson katantanwa da naushi. In ka fara ganin fasassun kwansuna a bakin wani rami, ka ciro dutsen gaba ɗaya ka sa a bokiti.

A nan sai na ja kunne, domin na san wani zai ce a tafasa dutsen a huta. Wasu tattausan murjani da ke manne a dutse, dangin Palythoa, suna da dafin falitoksin, kuma tururi yana ɗaukarsa zuwa huhu. A shekarar 2018 a yankin Oxfordshire na Ingila, mutum 10 aka kwasa zuwa asibiti bayan wani mutum ya goge dutsen tankinsa a cikin gida, har da 'yan kwana-kwanan da suka kawo ɗauki. Don haka safar hannu da tabarau kafin ka ciro dutse, kuma ban da ruwan zafi.

Malam, in ka samu hali ka ɗauko mana hoton wancan mai ruwan ƙasa da tocilarka, ka sa tsinken ashana a jikin gilashi mu gane girmansa. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, ku huta lafiya.