Lacca: Baƙar Funfuna Bayan Mura, Alamominta da Maganinta

Assalamu alaikum. Abokan aikina ma'aikatan lafiya, da iyayenmu da suka halarci wannan zama a nan Katsina, barkanku da zuwa.

Cutar da zan yi magana a kanta likitoci suna kiranta mukomaikosis, amma duniya ta fi saninta da baƙar funfuna tun shekarar 2021, lokacin da ta kama mutane sama da 40,000 a Indiya a zagaye na biyu na annobar korona. Ƙwayoyinta suna cikin ƙasa da taki da ruɓaɓɓen ganye, har da burodin da ya yi funfuna, kullum muna shaƙarsu ba sa yi wa mai ƙoshin lafiya komai, kuma wani ba ya ɗaukarta daga wani. Tana samun ƙofa ne idan mura mai tsanani ko korona ta ƙuje fatar cikin hanci, ga ciwon sukari da ba a kula da shi ba, sannan aka ɗora wa mutum magunguna irin su deksametazon ko firednisolon, waɗanda ke raunana garkuwar jiki kuma suke ƙara hawan sukari. A nan ne hankalina yake tashi, domin da zarar hunturu ya kama, ana sayar da waɗannan magunguna a kemis ga mai mura ba tare da takardar likita ba, wasu ma suna shan su don su yi ƙiba.

Idan funfunar ta shiga kogunan ƙashin fuska, sai ta kutsa cikin jijiyoyin jini ta toshe su, naman wurin ya mutu ya yi baƙi, daga nan ta wuce ido, ta wuce ƙwaƙwalwa, cikin 'yan kwanaki. Saboda haka duk mai ciwon sukari da ya tashi daga mura, ya zo da ciwon fuska a gefe ɗaya, ko kunci ya kumbura ya mutu kamar an yi masa allurar cire haƙori, ko majina mai duhu haɗe da jini, ko fatar ido ta sauko, ko yana ganin abu bibbiyu, ko haƙoran sama sun fara girgiɗi, to ku haska tocila cikin hancinsa da ganɗarsa. Kada ku jira sai kun ga baƙin ɓawo, domin fitowarsa alama ce ta cewa cutar ta riga ta yi nisa. A auna sukarinsa nan take, a tura shi babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan garin, a wannan ranar.

A can likitan kunne da hanci da maƙogwaro zai leƙa da siririyar kyamara, ya gutsuro nama a duba a madubin awo, inda zaren wannan funfuna yake fitowa da faɗi kamar ƙyalle, kusan ba shi da gaɓoɓi. Wannan dubawa tana da muhimmanci ƙwarai, saboda wata funfunar mai suna asfagilus tana kawo irin waɗannan alamomi, kuma borikonazol da ke maganinta ba ya taɓa baƙar funfuna. Hoton CT ko MRI shi zai nuna inda cutar ta kai.

Magani kuwa dole ne a haɗa tiyata da allura, domin magani ba ya isa naman da jini ya daina kaiwa. Sai an yanke mataccen naman kaf, sau da yawa a koma tiyata fiye da sau ɗaya, wani lokacin har a cire ido don a ceci rai. Allurar ita ce amfoterisin B ta jijiya, kuma idan zato ya yi ƙarfi ana fara ta kafin sakamakon awo ya fito, tunda kusan rabin masu wannan cuta ba sa tashi, jinkiri kuma yana ƙara yawansu. Allurar tana da tsada, tana wahalar da ƙoda, tana rage sinadarin fotasiyam, don haka sai ana awon jini a kai a kai. A lokaci guda a daidaita sukari da insulin, likita ya janye deksametazon sannu a hankali, in an samu sauƙi a koma posakonazol ko isabukonazol na sha, wanda kan ɗauki makonni ko watanni kafin a dakatar.