Huhu da Ƙoda: Masu Kwashe Sharar Jiki

Assalamu alaikum, jama'a. Kafin mu shiga magana, kowa ya ja numfashi ya riƙe. Ku riƙe dai. To, ku saki.

Wannan ƙuncin da kuka ji a ƙirji, da yawanmu za su ce iska ce ta ƙare. A'a. Iskar kabon dayoksaid ce ta taru, jini ya fara tsami, ƙwaƙwalwa ta matsa a fitar da ita. Wato abin da ya fi gaggauta numfashi shi ne shara ta fita. Baligi a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, kuma iskar da yake fesowa ta ninka wadda ya shaƙa wajen sau 100 a yawan kabon dayoksaid. Har kitsen da mutum ke zubarwa idan ya rame, mafi yawansa ta huhu yake fita.

Fata na fitar da ɗan gishiri a gumi, amma aikinta na gaske sanyaya jiki ne. Mu wuce.

Inda nake so mu daɗe shi ne ƙoda. Ku dunƙule hannu. Girmanta ke nan, guda biyu a bayan ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Kowace na ɗauke da ƙananan matatai wajen miliyan 1. Idan jiki ya sarrafa furotin, ana samun amoniya, wadda guba ce. Hanta sai ta juya ta zuwa yuriya, sharar da ke fita a fitsari, ta miƙa wa jini, jini ya kai wa ƙoda. A yini guda ƙoda na tace ruwa kusan lita 180, ta mayar da kusan duka cikin jini, da suga da gishirin da jiki ke buƙata. Abin da ke gangarawa mafitsara bai fi lita 1 zuwa 2 ba.

Abin da ke damuna, 'yan'uwa, ƙoda ba ta kuka da wuri. Tana iya lalacewa shekaru mutum bai ji komai ba, sai ƙafa ta kumbura, kasala ta rufe shi. Hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba wajen cinye ta, sai yawan shan maganin kashe zafi ba da izinin likita ba. Na zauna kusa da masu wankin ƙoda: allura biyu a hannu, jini na zagayawa cikin na'ura, awa 4, sau 3 a mako. Don Allah, duk mai ɗaya daga cikin cututtukan nan biyu, ya riƙa gwajin jini da na fitsari ko sau ɗaya ne a shekara.