Gidan Tarihi na N'Djamena da Littafin da Ke Riƙe da Kayansa

(An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wani zama da malamai, 'yan kasuwa da ɗalibai Hausawa a N'Djamena.)

Assalamu alaikum. Iyayenmu alhazai da hajiyoyi, malamai, ɗalibai, barkanmu da yamma.

Garin nan da muke zaune ba tsoho ba ne. A ranar 22 ga Afrilu 1900 aka yi yaƙin Kusuri, can ƙetaren kogi, inda Rabe, mai mulkin Borno a lokacin, ya mutu, kwamandan Faransawa Lamy shi ma ya mutu. A shekarar ce aka kafa Fort-Lamy, sunan da garin ya riƙe har 1973. Amma ƙasar da aka kafa shi a kanta tsohuwa ce ƙwarai. Tuddan da kuke gani a kan hanyar ƙauyen Gawi da bakin kogin Shari kufai ne na mutanen Sao, waɗanda Mai Idris Aloma na Borno ya yaƙa a ƙarni na 16, waɗanda kuma Kotoko ke cewa su ne kakanninsu.

Tono ya riga gidan tarihi zuwa, kuma a nan matsalarmu ta faro. Tun shekarun 1930 masu bincike Faransawa, Marcel Griaule da Jean-Paul Lebeuf, suka fara haƙa tuddan Sao, daga baya Annie Masson-Detourbet ta shiga aikin. Sun fito da kawunan mutane da na dabbobi na gasasshen yumɓu, da kayan ado na tagulla, da manyan randunan da ake binne mamaci a ciki, a kife wata a bisa. A lokacin babu gidan da zai karɓe su a nan, sai aka yi ta lodinsu zuwa Faris. Rahoton da Felwine Sarr da Bénédicte Savoy suka miƙa wa gwamnatin Faransa a 2018 ya nuna kayan Chadi da ke gidan tarihi na Quai Branly sun haura 9,000, kuma babu ƙasar Afirka kudu da Sahara da ta kai mu yawa a wurin.

An kafa namu gidan ranar 6 ga Oktoba 1962, shekara biyu da samun 'yancin kai, a wani masauki na wucin gadi. A 1964 ya koma tsohon ofishin magajin gari. Ɗakuna huɗu ne da shi a lokacin: na zamanin dutse, na zamanin da ya biyo bayansa irin na Sao, na takardu, da na sana'o'i da al'adun jama'a, inda kayan kiɗa suke. Sai yaƙi ya shigo gari a 1979, ya dawo da ƙarfi a 1980, mutane suka tsallaka Kusuri da abin da kai zai iya ɗauka. Gidan ya yi asarar kaya masu yawa. Sai a 2010 ya samu sabon gini, kusa da babban zauren taro na Palais du 15 Janvier, maƙwabcin ɗakin karatu na ƙasa.

Yau abin da ya fi jan baƙi shi ne Toumaï, ƙoƙon kan wata tsohuwar halitta mai kama da ɗan Adam da Ahounta Djimdoumalbaye ya gano ranar 19 ga Yuli 2001 a hamadar Djurab, cikin ayarin binciken Michel Brunet. Masana sun ƙiyasta shekarunsa da kimanin miliyan 7. To ku lura, ba a ƙiyasta shekarun nan daga kallon ƙashin ba. An yi la'akari da ƙasar da aka same shi a ciki da ƙasusuwan dabbobin da ke kwance tare da shi. Da wani ne ya tsince shi ya jefa a buhu ya kawo kasuwa, da ba abin da za a iya faɗa a kansa.

Wannan shi ne zancenmu na yau. Ku 'yan kasuwa kun san buhun da ya iso tasha ba shaida a jikinsa, kowa na iya cewa nasa ne. Haka kayan tarihi yake in ba rajista.

Ga yadda ake yi. Ranar da abu ya shigo ake ba shi lamba mai kashi uku: shekara, da lambar rukunin da ya shigo ciki, da tasa lambar a rukunin. A littafi ana rubuta inda aka samo shi, wa ya kawo, ta wace hanya, da me aka yi shi, tsawo da faɗi da nauyi, da duk wani tabo ko karaya. Tabon nan kada a raina shi, domin da shi ake gane kaya in an sace. Sai a ɗauki hoto ta gaba da baya da ƙasa, da ma'auni a gefe. Lambar kuma a jikin abin ake rubuta ta, a wurin da ido ba ya saurin kaiwa: a shafa siririn ruwan Paraloid B-72, wani irin gam garai-garai da masu adana kayan tarihi ke amfani da shi, ya bushe, a rubuta da tawada, a sake shafawa a bisa. Takardar da aka manna da gam, zafin Afrilu kaɗai ya isa ya ɓamɓare ta. Kuma dole littafin ya zama yana da kwafi a wani gini dabam. Gidan da ya ajiye kaya da littafinsu a ɗaki ɗaya, gobara ɗaya ko dare ɗaya na tashin hankali ya ishe shi.

Bayan ɓarawo, babban abokin gaba shi ne yanayinmu. A watan Agusta iska cike take da laima, a Maris kuwa ta bushe ƙayau. Yumɓun Sao ya daɗe a ƙasa mai gishiri da kanwa, ya sha ya ƙoshi. Da damina gishirin ya narke a cikinsa, da rani ya daskare ya kumbura, ya ture fuskar yumɓun. Za ka ga farin gari a jikin randa, sannan ɓawo ya fara zuba, zanen da aka yi da tsinke ya tafi. Maganinsa jiƙo a tataccen ruwa, ana canzawa ana auna gishirin da ya fito har ya ragu. Sai dai yumɓun da bai gasu sosai ba yana narkewa a ruwa, don haka a gwada ƙaramin wuri tukuna. In ya nuna rauni, a liƙa masa jiƙaƙƙiyar takarda da aka dama, ta tsotse gishirin tana bushewa.

Tagulla kuma, in ka ga wani gari kore-kore mai haske yana tsirowa a jikinta, ciwo ne mai cin ƙarfe. A ware ta a akwati mai rufi tare da ƙwayoyin silika masu shan laima. Fata tana tsagewa da hunturu, ta yi fumfuna da damina. Ganga da molo da sirdi da duk abin itace, gara da ƙwaro ne nasu, kuma alamar ita ce ɗan garin itace a ƙarƙashin abin da safe. A nannaɗe shi a leda a rufe ruf, a sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri na mako guda aƙalla, in an fitar kuma kada a buɗe ledar sai ya kwana, don raɓar ta sauka a kan leda. Kantoci su zama na ƙarfe, a ɗage su daga ƙasa kamar taƙi ɗaya, nesa da bango.

Akwai wani kuskure da ake yi da kyakkyawar niyya. A kunna na'urar sanyaya ɗaki da safe, a kashe da yamma, ko wuta ta ɗauke ta kashe kanta. Wannan hawa da sauka ya fi zafi mai ɗorewa ɓarna. Ɗaki mai kaurin bango, a rufe, ba taga mai shigo da rana, ya fi wa kaya alheri. Tufafi da takardu kuwa haskensu kada ya wuce luks 50 a ma'aunin haske, kuma launin da rana ta cinye ba ya dawowa.

(Tambaya daga wani dattijo: Malam, in mutum yana haƙa harsashin gini ya ci karo da randa, me zai yi?)

Baba, Allah ya ƙara girma. Abu na farko, a tsayar da diga. Kada a ciro ta, kada a zubar da ƙasar cikinta, domin a ciki ƙashi da duwatsun ado da gawayi suke, da gawayin nan kuma ake auna shekaru. Kada a wanke, kada a haɗa fasassun da gam ɗin kasuwa, ba ya fita sai ya ɗauko yumɓun. A ɗauki hoto da waya tana nan inda take, a ajiye wani abu a gefe don a ga girmanta, a auna zurfin ramin, a rufe da tabarma da ɗan yashi, a sanar da mai unguwa da ma'aikatan gidan tarihi.

(Wani ya ce: To in an kawo wa mutum na sayarwa fa?)

Alhaji, kada ka saya. Tun shekarar 2000 kayan yumɓu da tagulla na Sao suna cikin jan jerin da hukumar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta fitar don jami'an kwastan da 'yan sanda su gane su. Kowane kai guda da ya iso hannunka, an rushe wani sashe na tudu kafin a same shi, kuma kuɗinka ne zai sa a koma gobe da diga. Ka tambayi mai kawowa daga wane ƙauye ya fito, ka riƙe sunan wurin, ka kai labari.